Magariba biyu a rana ɗaya

Yau azumi na tara. Da la'asar na rufe shago a Kasuwar Dole na hau moto zuwa Mirriya in sha ruwa wajen Inna, kilomita 18 ne daga Damagaram amma rana ta gasa ni sosai kafin in isa.

Na tarar da ita zaune a tabarma da waya a hannu, fuska ba daɗi. Wai kwana uku kenan da an kira Magariba sai ta buga ma Yaya can Tumbutu ta yi mishi barka da shan ruwa, baya ɗauka, kuma kowa ya san halin da arewacin Mali ke ciki, ga rezo da ke zuwa yana tafiya, to ita zuciyarta ta riga ta kai ta nesa. Jiya ko barci bata yi ba.

Na ce Inna agogonsu ba ɗaya ba ne da namu, Mali na bayan Nijar da awa ɗaya cur. Ta ce ita ina ruwanta da agogo, ba rana ɗaya Allah ya yi mana ba? Wallahi tambayar ta tsaya min a rai, don gaskiyarta, ai ba da agogo ake buɗa baki ba. Sai na ɗauko lemu na kunna tocilan ɗin waya ina juya shi yadda aka nuna mana a lakwal. Mu muna gabas, Tumbutu na can yamma da mu da kamar digiri 12, kowane digiri minti 4 ne, kenan rana na faɗuwa nan da kusan minti 48 kafin ta faɗi can. Lokacin da ladan ke kira a Mirriya wajen shida da rabi da ƴan mintuna, Yaya na kan hanyar gida ko yana alwala zai tafi Jingarebar, masallacin nan na ginin ƙasa da aka gina tun 1327 zamanin Mansa Musa, rana na sama tukuna.

Ta yi shiru, can ta ce ashe ni ina shan ruwa ɗana na da ƙishi. Na ce ai shi ma asubarsa na makara kamar haka, tsawon azumin kusan ɗaya ne, amma na ga wannan bai shige ta ba.

Da aka kira salla ta ci dabino ta kurɓi ruwa, muka yi Magariba, kunu da ƙosai kuwa ta rufe da faifai ta ce sai anjima. Bakwai da rabi na buga mishi, bugu biyu ya ɗauka, baki cike. Inna ta karɓe wayar tana ta faɗa tana hawaye, da ɗaya hannun tana buɗe kwanon kunu.

Sai bayan asham na kamo hanyar gida.