Daga Mile 12 Zuwa Duwatsun Jos da Babur

Tun watan Yunin 2022 da gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta hana acaba a Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa da wasu ƙananan hukumomi, duk mai babur a Legas ya zama abin tuhuma, ko da bai taɓa ɗaukar fasinja ba. Mu masu hawan babur don sha'awa sai muka tattara muka koma bayan gari. Ranar Lahadi, da yake ba na buɗe shagon kayan gyaran da nake da shi a Agege, mukan haɗu a ramukan jar ƙasa da tifofi suka yashe bayan Ikorodu, wani lokaci kuma a rairayin bakin teku ta wajen Badagry. Akwai Yarbawa a cikinmu, akwai Ibo, har da 'yan Lebanon. Mu Hausawa ba mu da yawa: ni, da wani ɗan canji, da wani Alhaji dilan kayan gwari a kasuwar Mile 12.

Alhajin ne ya kawo labarin cewa wasu abokan harka a Jos za su shirya gasar jeji a watan Janairu, irin wadda Turawa ke kira enduro, kuma an buɗe ta ga 'yan koyo irinmu. Ba tseren wa-ya-riga-wa ba ne. Kowa ana ba shi kati, a sake shi a mintinsa, ya bi hanyar da aka yi wa alama cikin jeji, ya isa kowace tasha a lokacin da aka rubuta masa. Ka makara a ci ka tara, ka riga lokaci ma a ci ka. A tsakani akwai wurare na musamman da ake auna gudunka da agogo. Tsohuwar sana'a ce, domin babbar gasarta ta duniya, mai kwana shida, an fara ta tun 1913 a Carlisle ta Ingila.

Babur ɗina tsohuwar Honda XR250 ce ta hannu, mai kabureta, ba ta da sitata sai kik. Na kai ta garejin Baba, dattijon bakanike a bayan kasuwar Agege, mutumin Bukuru ne da ya daɗe a Ikko har ya iya Yarbanci. Da na ce masa Jos za mu, sai ya ajiye sifana.

"Yaro, mashin ɗin nan a bakin teku aka saita shi. Can sama iska ba ta da nauyi. In ka kai shi haka, mai zai yi masa yawa, ya riƙa shaƙewa, fulogi ya yi baƙi."

"To Baba, a rage jet ɗin da ke sakar wa injin mai tun daga nan mana."

"A'a. Sai ka je can. Kuma kada ka zaƙe, sanyin asuba yana ƙara wa iska nauyi. In ka ƙwace masa mai da yawa, fistin za ka ƙona."

Gaskiyarsa. Legas a daidai fuskar teku take, Jos kuwa tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, inda nauyin iska ya ragu da fiye da kashi 10 cikin 100. Ya ƙulle mini ƙananan jet biyu da fulogi a leda, ya sa na sayi soson iyakilina na biyu, wanda ke tace iskar da injin ke shaƙa, saboda ƙurar hunturu. Da zan tafi ya ƙara da cewa in nemi safar hannu ta roba irin ta asibiti. Na ɗauka don baƙin mai ne.

Kai babur Jos kuwa bai ba mu wahala ba, albarkacin Alhaji. Manyan motocin da ke sauke dankalin Turawa da kabeji da karas a Mile 12 da yawansu daga Filato suke, kuma direba ba ya son komawa fayau. Muka daidaita da wani, yaran mota suka cicciɓa baburan suka ɗaure da igiya a tsakanin kwandunan da ba kowa a ciki, mu kuma muka biyo shi a motar ɗan canji. Mun bar kasuwar bayan sallar Asuba, tana ta hayaniyar 'yan dako da warin ruɓaɓɓen tumatir, gumi na tsattsafo mana tun rana ba ta fito ba.

Tafiyar kusan kilomita 1,000 ce. Muka karya a Ogere, inda direbobin Arewa suka mai da bakin titi unguwa guda, sannan Badun, Ife, Akure, Owo, Okene. A Lakwaja muka kwana, washegari muka haye kogin Kwara, muka ratsa Abuja da Keffi zuwa Akwanga. Duk wannan hanya ce kawai, shingayen bincike da ramuka. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Hawan Kibo. Titi ya miƙe sama yana lanƙwasa, tireloli na nishi a giya ɗaya, kunnuwa na toshewa, kafin mu gama hawa kowa ya ɗaga gilashi ba tare da an ce masa ba. Da muka tsaya sallar Magariba, ruwan buta ya sa ɗan canji ya yi salati da ƙarfi.

Ni haifaffen Funtuwa ne, na san hunturu. Amma wanda ya shekara da shekaru a garin da da wuya awon zafi ya sauka ƙasa da digiri 20, jikinsa ya riga ya manta. A Jos cikin Disamba da Janairu dare kan kai digiri 11, wani lokaci ƙasa da haka.

Ana gobe gasa muka sauya jet, muka gwada, muka rage iskar taya zuwa wajen 13 a ma'auni don ta kama dutse. Daga nan masu shiri suka duba birki da hular kwano, suka karɓe baburan suka jera a fili. Dokar ke nan: babur ya kwana a waje ba mai taɓa shi, da safe kuma in an kira mintinka, minti ɗaya gare ka ka tayar da shi.

Wannan minti ɗayan shi ne jarrabawar farko. Raɓa ta jiƙa sirdi, baƙin mai ya yi kauri, hazo ya rufe duwatsu. Masu baburan KTM da Husqvarna suka danna maɓalli suka wuce. Ni na ja cok, na taka kik a hankali har na ji ya cije, na ɗan saki, sannan na zuba masa nauyina. Ya yi tari ya yi shiru. Na sake. Wani yaro a bayan igiya yana ta ihu, "Oga kada ka taɓa totur!" Ban taɓa ba. Ya kama, saura kaɗan lokaci ya cika.

Hanyar ta fara da tsofaffin filayen kuza. Tun farkon shekarun 1900 kamfanonin Ingila suka haƙe wannan ƙasa, suka bar tsibin ƙasa da kududdufai masu zurfi, waɗanda yanzu manoman rani ke jan ruwa daga cikinsu. Alamar hanya ta bi ta gefen lambunan kabeji, ta kurɗa tsakanin shingayen ƙerana, kuma an ja mana kunne cewa da izinin masu unguwa aka bi ta nan, wanda ya taka shuka ya fita daga gasa. Wannan ya yi mini daidai. Mai babur da ke ganin gonar talaka filin wasansa ce, shi ke sa a rufe wa kowa hanya.

Ba a yi nisa ba na gane inda sanyi ke kamawa. Ba ƙirji ba ne, ba ƙafa ba ce, yatsu ne. Iskar digiri 10, in kana gudun kilomita 50 a awa, a fata takan zama wajen digiri 5 ko 6, jiki kuma da ya ji haka sai ya janye jini daga hannuwa ya tattara shi ciki. Ga shi duk aikin jeji a yatsu huɗu yake: biyu a kuloci, biyu a birkin gaba. A rairayin Badagry abin da ake so shi ne ka buɗe totur ka koma baya, taya ta yi ta iyo. Dutsen Jos ba ya son haka. Yana son ka san daidai inda kuloci ya fara kamawa, ka ɗan matsa birki ba tare da ka kulle taya ba. Da yatsu suka ƙandare, sai na riƙa ganin hannuna yana matsa birki amma ban san ƙarfin da na sa ba. A wata gangara mai tsakuwa tayar gaba ta kulle, na sauka ta gefe, babur ya kwanta a kaina. Ba abin da ya karye sai madubin tabarau da ya tsage.

A tashar farko na tarar da rabin mutane a tsugune sun rungume injin da tafin hannu, wasu sun kanga yatsu a bakin salansa. Wani dattijo mai buga kati ya dube ni ya ce, "Malam, daga Kurmi kake ko?" Na ce daga Ikko. Ya ce in ina da safar roba in sa ta a ciki, in ɗora ta babur a kai. Nan na tuna da Baba. Robar ba ta ɗumama komai, iska kawai take tarewa, kuma hannu kan jiƙe da gumi a cikinta, amma yatsuna sun dawo. Ya kuma miƙo mini tsohuwar jarida na cusa a ƙirji. 'Yan garin su sun fi mu dabara: na ga wanda ya yanka jarkar mai gida biyu ya ɗaure a kan hannayen babur, iska ba ta ko taɓa shi. Abin ba kyan gani, amma shi bai tsuguna gaban injin ba.

Da hantsi ya dubi ludayi sai matsalar ta juya. Mun shiga duwatsu sosai, irin manyan nan da suka hau kan juna, daga nesa ana hango tsaunukan Shere da suka haura mita 1,800. Nan ba gudu, sai turi da ɗagawa da kik. Alhaji ya sa suwaita mai kauri a kan singiletin auduga, cikin ɗan lokaci ya jiƙe sharkaf. Auduga in ta sha gumi ba ta saki, saboda haka da muka fito fili iska ta buge shi, sai makyarkyata. A tasha ta gaba leɓensa ya yi fari, yana ta laluben katinsa alhali yana rataye a wuyansa. Masu shiri suka zaunar da shi wajen mai shayi, suka cire masa jiƙaƙƙiyar rigar, suka lulluɓe shi da bargo. Ya so ya yi gardama.

"Alhaji, ka yi haƙuri ka zauna," na ce masa. "Gasa ba ta ƙare daga yau ba."

Ya harare ni, amma ya karɓi kofin.

Wani abin da sanyi ke ɓoyewa shi ne ƙishirwa. Iskar hunturu busasshiya ce, tana zuƙe ruwan jiki ta numfashi, kai kuwa ba ka jin kana son sha. Sai da damatsana suka fara ɗaurewa na tilasta wa kaina kurɓa a kowace tsayawa. Da rana ta take babur ya fara nauyin tashi, na buɗe iyakilina na tarar soson ya koma kamar an tsoma shi a kunun kanwa. Na sauya da na biyun, ya ci mini mintuna, amma injin ya sami numfashi.

Zagayen ƙarshe ban yi wani abin a zo a gani ba. Na bar saurin da ba nawa ba, na riƙa tsayawa a kan ƙafafu ina barin babur ya nemi hanyarsa, na isa ana kiran La'asar. Da aka tara makin tara, na faɗo a tsakiyar jerin 'yan koyo, ɗan canji yana gabana kaɗan. Wanda ya ci ajinmu shi ne mai yankakkiyar jarkar nan, saurayi ɗan Barikin Ladi da ke kai dankali kasuwa a kan babur, kuma aron mashin ɗin ma ya yi. Ko minti ɗaya ba a ci shi ba. An ba shi tayoyi biyu sababbi, kafin a watse ya sayar wa Alhaji, wanda zuwa lokacin ya warware har yana neman ragi.