Lambar da ta mayar da ni baya wata bakwai

Lamba ɗaya ce ta rushe mini aikin wata bakwai, kuma har yau ina ganinta a idona: 3.6. Ina shekara ta biyu a karatun digirin digirgir, ina ƙoƙarin ɗaura ƙwayoyin sukari uku su zama sarƙa guda, irin wadda ake samu a jikin wata ƙwayar cuta. Ɗan abin da na samu bai fi a lakato da bakin allura ba. Na narkar da shi a siririn bututun gilashi, na sa a na'urar NMR, wadda ke amfani da maganaɗisu ta nuna yadda atam-atam suka jeru. Takarda ta fito. Inda nake sa ran ganin lamba kusa da 8, sai ga 3.6.

Sai na ɗan yi bayani kafin a gane zafin abin. Ƙwayar gulukos kamar zobe take, mai hannaye biyar da za ta iya kama wata ƙwayar da su. Hannayen suna kan atam-atam ɗin kabon da muke ba lamba a jere. Hannun da ke kan kabon na farko yana iya kallon ƙasa, mu ce alfa, ko ya kalli sama, mu ce beta. Wannan ɗan juyin ne ya raba sitaci da selulos. Dukkansu gulukos ne tsantsa a jere, amma na farko ɗaurin alfa gare shi, cikinmu yana narkar da shi ya zama ƙarfi a jiki, na biyu kuwa ɗaurin beta ne, shi ne auduga da itace, ba abin da cikin ɗan Adam zai iya yi da shi. A takardar NMR ta gulukos, lamba wajen 8 tana nufin beta, wajen 3 zuwa 4 kuma alfa. Ni beta nake nema.

Ban kai wa malamina takardar ba sai bayan kwana huɗu. Na ce wa kaina ai bututun ne bai wanku ba, na sake gwadawa. Na ce ai na'urar ce ba a daidaita ba, na sake. Sau uku, lambar ba ta motsa ba. Ranar da ya tsaya a bakin teburina ya ce, "Kai, ina labarin sarƙarmu?" sai na fara kame-kame.

"Malam, ina ganin na'urar ce take..."

Bai bari na ƙarasa ba. Ya ce, "Na'ura ba ta san abin da kake so ba. Karanta mini abin da ke rubuce." Na karanta. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce in ɗauko littafin aikina mu bi shafi-shafi. Ba mu yi nisa ba muka ga inda gizo ke saƙar. A wannan sana'a, kafin ka ɗaura hannu ɗaya dole ka sa wa sauran hannayen safa, don kada su ma su kama. Safar asetil idan tana kan kabon na biyu takan lanƙwaso ta tare gefe ɗaya na zoben, sai sabon sukarin ya shigo ta ɗaya gefen, a samu beta. Ni kuwa watanni kafin nan na musanya ta da safar benzil, don na ga za ta sauƙaƙa mini wani mataki a gaba. Benzil ba ta tare komai. Na san wannan, na rubuta shi a jarrabawa na ci, amma ranar da na yi musanyar ko kaɗan bai faɗo mini a rai ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba kuskuren ba ne, kwana huɗun nan ne. Da malam bai tambaya ba, ban san iya inda son zuciya zai kai ni ba. Tun daga ranar nake rubuta lambar da nake tsammani a littafi kafin in sa samfur a na'ura, don kada in samu damar canza tsammanin bayan na ga sakamako. Haka nake sa ɗalibaina su yi yanzu.

Ya kuma hana ni zubar da sarƙar alfa. Ya ce in tace ta da kyau, in rubuta mata suna da kwanan wata, in ajiye a firiza.

Wanda bai taɓa aiki da sukari ba ba zai san irin haƙurin da yake ci ba. Yawancin abin da muke haɗawa ba ya zama gari mai tsabta, danƙo yake zama, ya manne a gindin kwalba. Ruwa kuma abokin gaba ne: danshi kaɗan ya shiga, ɗaurin ya lalace. Sai ka gasa kwalabe, ka busar da sinadarai, ka tsaya awanni gaban dogon bututu cike da garin silika kana tarar ɗigo-ɗigo. Kana ɗiga kowane kaso a ƙaramin faranti, ka tsoma a asid, ka gasa, sai ɗigon sukarin ya ƙone ya fito baƙi-baƙi, ka san inda kayanka suke. Idan gajiya ta kama ni nakan tuna Emil Fischer, Bajamushen da ya warware tsarin gulukos a 1891 ba tare da ko ɗaya daga cikin na'urorinmu ba. Sinadarin fenilhaidirazin da ya yi amfani da shi don tilasta wa danƙon nan ya daskare ya daɗe yana cutar da lafiyarsa. Ya samu kyautar Nobel a 1902. Duk da haka sai a 1953 Raymond Lemieux a Kanada ya iya haɗa sukuros, wato sukarin da kowa ya sani, ta hanyar sinadarai. Abin da tsiro ke yi kullum cikin ruwan sanyi ya ɗauki masana shekara sittin da ɗoriya.

Dalilin wahalar a fili yake. Amino asid, wato tubalan ginin furotin, biyu iri ɗaya hanya guda suke haɗuwa, amma gulukos biyu suna da hanya 11. Kuma furotin yana da rubutaccen tsari a DNA da ake kwafa, sarƙoƙin sukari ba su da shi. Enzayim-enzayim, wato furotin masu gudanar da aikin sinadarai a jiki, su ne ke ɗora su ɗaya bayan ɗaya gwargwadon halin da ƙwayar halitta take ciki. Na'urar da Peter Seeberger da ɗalibansa suka fito da ita a 2001, mai haɗa sarƙoƙin da kanta, ta rage aiki sosai, sai dai har yanzu mutum ne ke shirya mata tubalan.

Na daɗe ina ɗaukar kaina mai haɗa sinadarai kawai, in na gama in miƙa wa masu nazarin halittu su san yadda za su yi. Wannan girman kai ne, kuma ya jinkirta ni. Sai da na fara zama a taronsu na mako-mako, ina tambayar abin da ƙaramin ɗalibinsu ya sani, na gane me nake haɗawa. Kowace ƙwayar halitta a jikinmu lulluɓe take da gashin sukari, kuma shi duk wani baƙo yake fara taɓawa. Walter Morgan da Winifred Watkins, a Cibiyar Lister da ke Landan, sun nuna a shekarun 1950 cewa rukunin jini na A da na B sukari ɗaya tak ya raba su a ƙarshen sarƙa. Sukari biyun nan ma a wuri ɗaya kawai suka saɓa, amma a yi kuskuren ƙarin jini sai a rasa rai. Ƙwayar cutar mura tana kama sukarin da ake kira sayalik asid: ta tsuntsaye ta fi son wanda aka ɗaura a kabon na uku na sukarin da ke ƙarƙashinsa, ta mutane ta fi son na kabon na shida. Fannin nazarin sukarin jikin halittu bai ma samu sunansa na gilaikobayoloji ba sai a 1988, daga rukunin Raymond Dwek a Jami'ar Okusfod. Ranar da aka ba Carolyn Bertozzi Nobel a 2022, tare da Barry Sharpless da Morten Meldal, na yi murna har cikin raina, don dabararta ta maƙala alama a kan sukari cikin halitta mai rai ta buɗe mana ido a inda muke lalube.

Na mayar da asetil wurinta, na sake bin matakan daga tushe. A karo na biyu takarda ta nuna 7.9. Muka aika wa abokan aikinmu sarƙar su gwada ko garkuwar jiki da ke gane ƙwayar cutar za ta kama ta. Ta kama. Sai babbar mai binciken ta ce ba ta gamsu ba tukuna: wa ya sani ko garkuwar kowane sukari ta gani mannewa take? Tana buƙatar sarƙa mai kama da wannan sak, wadda ta saɓa a ɗauri ɗaya kawai.

Na je firiza na ɗauko ƙaramar kwalbar nan, rubutuna na jikinta ya fara dushewa. Suka ɗiga sarƙoƙin biyu gefe da gefe a faranti guda. Ramin beta ya rine ya zama shuɗi, alamar garkuwar ta kama, na alfa ya tsaya fari tas.