Yadda ƙirƙirarriyar basira ta shiga injin casarmu a Birnin Kebbi

Injin casar shinkafa muke da shi a Birnin Kebbi, ƙarami, irin wanda ƙurar ɓuntu ce kawai ke sanar da mai wucewa cewa yana nan. Mahaifina, wanda har mu 'ya'yansa Alhaji muke ce masa, ya kafa shi tun kafin shinkafar Kebbi ta yi suna. Sunan daga baya ya zo. A Nuwambar 2015 aka ƙaddamar da shirin Babban Bankin Najeriya na bai wa manoma bashi a jihar nan, a 2016 Kebbi da Legas suka haɗa gwiwa kan shinkafa, a 2017 aka buɗe katafaren kamfanin casa a Argungu, sannan rufe iyakoki na 2019 ya tilasta wa mutane cin 'yar gida. Ciniki ya buɗe, amma lissafinmu yana nan inda yake, wato littafi mai bangon kwali a hannun Malam, akawunmu, sai kuma abin da Alhaji ya riƙe a ka.

Muna sayen shanshera daga fadamun Suru, Bunza da Augie, mu ba mata su turara, a shanya, a casa, a ɗinke a buhu. Rabin harkar bashi ce. Manomi ya karɓi kuɗin taki da na mai lokacin noman rani, ya biya da shanshera in ya girbe. Ɗan kasuwa ya ɗauki kaya, ya ce sai ya sayar.

Na dawo daga bautar ƙasa na tarar samari suna ta hira da na'ura a waya. ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira da ake yi wa tambaya ta amsa, ya fito tun ƙarshen 2022, amma a nan sai da irinsa mai suna Meta AI ya shigo cikin WhatsApp a 2024 abin ya zama ruwan dare. Na gwada manhajoji kaɗan, na tsaya a kan ɗaya, na fara da aikin da babu mai kishinsa: saƙonnin Turanci zuwa ga masu sayen kayanmu a Legas da Onica, da takardun banki. In faɗa mata abin da Alhaji ke nufi, ta tsara, in karanta masa fassarar, ya ce a cire kaza domin ya yi kama da roƙo. Wannan bai ba kowa wahala ba, kuma har yau shi ne amfaninta mafi tsabta.

Da na taɓa littafin Malam ne magana ta tashi. Nufina in ɗauki hoton shafukan, manhajar ta mayar da su jadawali a kwamfuta, mu san nawa muke bi, nawa ake bin mu, ba sai an jira Malam ya dawo daga masallaci ba. Malam bai ce kome ba, ya dai rufe littafin ya sa a ƙarƙashin buzunsa. Da yamma Alhaji ya kira ni ya ce, "Kai, wagga na'ura taka, in ka ba ta sunan mutum, ina yake zuwa?" Na ce masa gaskiya yana zuwa kwamfutocin kamfanin ne a ƙasar waje. Ya ce to sunan mai bashi amana ce, akwai masu rawani a littafin nan da ko iyalansu ba su san ana bin su ba. Alhaji bai san an yi dokar kare bayanan jama'a a Najeriya a 2023 ba, amma hukuncin da ya yanke ya fi nata tsauri: ba suna, ba lambar waya, ba sunan ƙauye. Kowane mai hulɗa da mu aka ba shi lamba, kuma takardar da ke nuna wane ne mai lamba kaza tana hannun Malam shi kaɗai.

Wannan hukunci ne ya buɗe ƙofa, domin ya nuna wa Malam ba kujerarsa ake nema ba. Kuma ko da ana nemanta, ba za ta samu ba. Malam da ajami yake rubuta sunaye da bayani, alƙaluma kuma wani lokaci na boko, wani lokaci na Larabci. Da muka gwada wani tsohon shafi da aka rufe sunayensa, manhajar ta ɗauka Larabci ne, ta kawo fassarar da ba ta da kai ba ta da gindi, kuma ba ta nuna ko ɗigon shakka ba. Biyar ɗin Larabci, mai kama da sifirin boko, ta karanta ta sifiri. Malam ne ya gano, ya yi dariyar da na daɗe ban ji ya yi ba. Ban da haka akwai alamominsa na kansa. Ɗigo biyu a gefen suna na nufin mutumin yana biya amma sai an bi shi. Layi a ƙasa na nufin Alhaji ya yafe amma ba a faɗa wa mai shi ba tukuna. Ba inda aka rubuta ma'anar waɗannan. Sai muka koma zama da shi bayan la'asar, yana karantowa ina shigarwa, yana kuma yi mini tarihin kowane bashi, wanda a ganina ya fi jadawalin daraja.

Abin da ya fi canza mana aiki kuwa tambaya ce manhajar ta yi, ba amsa ba. Na ce ta lissafa mini nawa muke samu a kowane buhun shanshera, sai ta ce kilo nawa ne buhun? Na fita tsakar injin na tambaya. Mai awo ya faɗi nasa, 'yan dako suka ce ya danganta da wanda ya ɗinka, mai tuƙa injin ya ce ai na Suru daban na Augie daban. Shekara da shekaru muna saye da buhu muna sayarwa da kilo 50, kuma ba wanda ya taɓa zama ya haɗa biyun. Wani buhun an danna shi har da toliya, wani kuwa a sake yake, farashi ɗaya. Ga kuma laima. Shanshera ana so ta bushe zuwa wajen kashi 14 cikin 100 kafin a casa ko a ajiye, in ta fi haka to ruwa ka saya da kuɗin shinkafa, kuma tana iya yin fumfuna a sito. Wannan tambaya ta sa muka sayi sikeli da ɗan abin gwada laima, muka fara rubuta nauyin abin da ya shiga injin da na abin da ya fito. Cikin kaka guda muka ga kayan wani dillali kullum suna ba da ƙasa da na sauran. Alhaji ya ce ya daɗe yana zargi, amma zargi ba ya zama hujja a gaban mutumin da kuka yi shekaru kuna cin tuwo tare. Bai kore shi ba, ya dai ce daga yau a kan sikeli za a yi ciniki.

A nan zan ɗan yi wa haƙorin Alhaji adalci. Yakan ɗauki ƙwaya ya ciza ya ce wannan sai ta ƙara kwana a rana, kuma da wuya abin gwajin ya saɓa masa. Bambancin kawai shi ne yanzu ƙanena ma zai iya zuwa ƙauye sayayya.

Lissafi kansa ban bar wa manhajar ba. Irin waɗannan manhajoji kalma suke harhaɗawa bisa abin da ya fi dacewa ya biyo baya, saboda haka in ka jera musu dogon lissafi suna iya kuskure, su kuma faɗe shi da cikakken ƙarfin hali. Abin da nake yi shi ne in sa ta rubuta mini ƙa'idar lissafin a Excel, manhajar jadawalin lissafi ta kwamfuta, in gwada da shafin da Malam ya riga ya haɗa da hannu, in sun yi daidai mu ci gaba. Hasashen farashi kuwa kada ma mutum ya ɓata datarsa. Da gwamnati ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150 a 2024, har da shinkafar da ba a gama gyarawa ba, kowa a nan hankalinsa ya tashi. Na tambaye ta mu saya mu ajiye ko mu dakata, ta zuba mini zance mai daɗi kamar ɗan kamashon da bai taɓa cewa bai sani ba. Alhaji ya buga waya Kamba da Jega da Kano, kafin magariba ya yanke shawara.

Ma'aikata ba su rungumi manhajar ba, kuma ban matsa ba. Yawancinsu da saƙon murya suke harka, ita kuma Hausarmu ta nan in an yi mata da baki takan rikice, ta fi gane ta rediyo. Ga wuta da ba ta tsayawa, ga kuɗin data. Mai tuƙa injin ne kaɗai ya ɗauka, yakan ɗauki hoton littafin injin da ke cikin Turanci ya ce ta bayyana masa da Hausa, sannan ya kira bakanike ya tabbatar kafin ya kwance ko noti ɗaya.

Malam har yanzu yana rubuta littafinsa, ni ina da jadawalina, ranar Alhamis muke haɗa su. In sun saɓa, umarnin Alhaji shi ne a bi na Malam har sai an gano inda kuskuren yake. Yanzu abin da ke gabanmu shi ne ladan mata masu turarawa. Da durom ake biyansu, duromomin kuma ba girmansu ɗaya ba, kuma shugabarsu ta riga ta aiko wa Alhaji cewa in sikelin nan zai zo wurinsu, to a fara zama a yi maganar kuɗin itace.