Godiya ga waɗanda suka cika mana zaure daren Asabar

Assalamu alaikum jama'a. Yau kwana uku ke nan da daren farko na shirinmu na barkwanci kai tsaye, kuma sai yanzu muryata ta dawo har na samu sukunin zama in rubuta wannan. Alhamdulillah, an yi taro lafiya an tashi lafiya.

Duk wanda ya san gidan wasanmu ya san da wasan kwaikwayo muka saba: a yi wata biyu ana bita, kowa ya haddace nasa, a ɗaga labule a sauke. Da muka ce za mu ware Asabar ta ƙarshen kowane wata ga masu barkwanci, mutum ɗaya da makirfo ɗaya, ba labule ba kayan shiga, wasu cewa suka yi ba mai zuwa. Wa zai yanki tikiti don abin da yake kallo kyauta a wayarsa? Ni kaina tambayar ta hana ni barci.

Ku 'yan kallo ku kuka ba da amsa, don haka da ku zan fara. Wani masani ɗan Amurka, Robert Provine, ya daɗe yana nazarin dariya, ya gano cewa dariyar da mutum yake yi a cikin mutane ta ninka wadda yake yi shi kaɗai kusan sau 30. Na taɓa karanta wannan, amma sai ranar Asabar na gani da idona. Akwai wata baiwar Allah a layi na biyu mai irin dariyar nan da ke ɗauke numfashi. Da ta fara sai na kusa da ita su kama, kafin ka ce me ta kai bangon baya. Hajiya, ban san sunanki ba, amma rabin aikin daren ke kika yi mana shi. Allah ya saka da alheri.

Waɗanda suka koka da matsi kuma, ku yi haƙuri, da gangan aka yi. Dariya ba ta son fili. In aka bar kujeru a warwatse, ko aka bar tazara tsakanin dandamali da layin farko, sai ta tashi sama ta ɓace. Shi ya sa yaranmu na bayan fage suka wuni suna kwashe kujerun baya, suka matso da na gaba har mai zama zai iya taɓa takalmin mai magana, suka kashe fitilun zaure aka bar guda ɗaya tak a kan dandamali, domin mutum ya fi sakin jiki idan ya san ba a ganin fuskarsa. Samari, sannunku da aiki.

Sai abin da ya faru da na uku a jeri, wanda har yanzu in na tuna gabana yake faɗuwa. Yaro ne matashi, ranar ce hawansa na farko. Ya ɗauko labarinsa tiryan-tiryan, ya kawo daidai gaɓar da zai saki maganar da kowa yake jira, sai makirfo ya ɗauke ɗif. Batir ya mutu. Laifina ne, ba na kowa ba: mai kula da sauti ya ce mini a canja tun da yamma, na ce zai kai mu. A wasan kwaikwayo, abokin wasanka zai rufa maka asiri. A nan kuwa kai kaɗai ne, kuma jinkirin daƙiƙa ɗaya ya isa ya kashe magana. Ina leƙe ta gefen dandamali, ina ganin hannunsa yana rawa. Ba wanda ya yi masa ihu. Wani dattijo can baya ne ya fara tafi a hankali, zaure duka ya ɗauka, har mai sauti ya rarrafo da makirfo mai waya ya miƙa masa. Yaron ya karɓa, ya dube shi, ya ce ai shi ma wancan makirfon ya gaji ne, sau goma yana jin labarin nan a wurin bita. Dariyar da aka yi a nan ta fi ta ainihin labarin. Baba mai tafi, mun gode. Malam mai sauti, na karɓi laifina a bainar jama'a, a yafe mini.

Da yawa sun tambaye ni jar fitilar da ke walƙawa daga baya. Ba lalacewa ta yi ba. Tsari ne da muka aro daga gidajen barkwanci da suka riga mu, irin su Improv da aka buɗe a New York a 1963 da Comedy Store na Landan da ya fara a 1979: sabon shiga minti biyar gare shi, in ya ci huɗu a haska masa ya fara naɗe tabarma. Minti biyar ɗin nan kada ku raina su, wani sai ya yi watanni yana sassaƙa su. Dukkanku da kuka hau, na gode. Wanda ya ga fitila ya kau da kai har ya cinye lokacin na bayansa, ya san kansa, za mu gana.

Mai gabatarwa ta riƙe daren da kyau, musamman yadda ta sanyaya ɗan'uwan nan da ya dage sai ya riƙa amsa wa kowa daga kujerarsa, ba tare da ta kunyata shi ba. Masu yankan tikiti, masu tsaron ƙofa, da iyayenmu masu shara da suka zauna har bayan kowa ya watse, Allah ya biya ku.

Roƙo ɗaya gare ni kafin wata mai zuwa: a taimaka a ajiye waya. Yawancin abin da kuka ji gwaji ne, ana gyara shi daga dare zuwa dare, kuma da zarar ya hau intanet ya tashi aiki, mai shi ba zai sake cin moriyarsa ba. Mai son gwada sa'arsa kuma, akwai gurbi huɗu na sababbi, a zo ofis a rubuta suna kafin ranar Laraba ta makon wasan. Batir kuwa na riga na sayo kwali guda.