Kwana uku ina wakilin Zambiya

Ranar da aka liƙa sunaye a allon sanarwa na ga an rubuta Zambiya a gaban sunana gaskiya raina bai so ba, ni Najeriya na sa wa rai ko ɗaya daga cikin manyan nan da in sun buɗe baki kowa ke juyowa. Taron kwaikwayon Majalisar Ɗinkin Duniya ne da ake ce wa Model UN, a makarantarmu aka yi shi kwana uku, kowane ɗalibi a ba shi ƙasa ya tsaya mata kamar shi ne jakadanta. Mu Kwamiti na Biyu aka sa mu, mai kula da tattalin arziki da harkar kuɗi, batun kuma bashin da ya shaƙe wuyan ƙasashe masu tasowa. Na je na sami malamar da ke kula da mu na ce Malama a taimaka a canza min, ta ce je ka karanta tukuna, in ka dawo kana son canjin zan yi maka.

Ban koma ba. Ashe Zambiya ce ƙasar Afirka ta farko da ta kasa biyan bashi a lokacin korona, a Nuwamban 2020, kuɗin ruwa ne na dala miliyan 42.5 ya gagare ta, ƙasar da yawancin kuɗin da take samu daga waje na tagulla ne, in farashin tagulla ya faɗi komai ya faɗi. Bayanta Siri Lanka da Ghana suka bi a 2022. Ina karantawa jinina na tafasa domin abin ya yi kama da na gida, mu da muka tashi muna jin iyayenmu na labarin SAP, shirin tsuke bakin aljihun da Babangida ya kawo a 1986, sannan muka ga da idonmu yadda kuɗin Keke Napep da kwanon shinkafa suka koma bayan cire tallafin mai a Mayun 2023. Sai na zauna na rubuta jawabi mai zafi, na zuba wa IMF, wato Asusun Ba da Lamuni na Duniya, da Bankin Duniya duk abin da ke cikina, ƙarshensa na ce a yafe bashin gaba ɗaya.

Minti ɗaya da rabi ake ba kowa. Na ɗaga kwalin da aka rubuta sunan ƙasata, shugaban zama ya kira ni, na yi magana har muryata na rawa, da na zauna aka yi ta buga tebur, wani daga baya har da cewa ka faɗi gaskiya Zambiya. Da aka ba da hutun tattaunawa, wato lokacin da ake tashi daga kujeru kowa ya nemi abokan tafiya, na ɗauki daftarin ƙudurina na fara zagayawa neman sa hannu, wallahi mutum huɗu kawai na samu, waɗanda suka fi kowa buga min tebur sai su karanta su ce bari mu gani. Ina tsaye sai wakiliyar China ta zo, yarinya ce 'yar aji biyu mai magana a hankali, ta karɓi takardar ta duba ta ce mai girma wakilin Zambiya, wane bashin za a yafe, namu, ko na Bankin Duniya, ko na 'yan kasuwar da suka sayi takardun lamuninku na dala biliyan 3? Kuma in mun yafe namu, me zai hana ku ɗauki kuɗin da muka bar muku ku biya su da shi? Na buɗe baki ban sami abin cewa ba. Ni duk a kaina bashi dunƙule ɗaya ne, mai bin bashin ma mutum ɗaya ne.

Da daddare bayan isha ina tsakar gida da takardu Baba ya tambaye ni me ya dame ni, na ba shi labari. Shi shekara da shekaru yana sayar da atamfa da shadda a kasuwar Kwari, sai ya ce ai wannan ba sabon abu ba ne, bashi hanji ne yana cikin kowa. Ya ce in ɗan kasuwa ya karye mutum uku na binsa, ba wanda zai fara cewa na haƙura, ko da kuwa yana tausayinsa, saboda tsoron kada shi ya haƙura sauran biyun su kwashe ɗan abin da ya rage a shago. Abin da ake yi sai dattawan layi su tara su wuri ɗaya, a buɗe littafi kowa ya ga na kowa, a ce kowa zai bar kaza, sauran a biya a hankali, kuma a bar wa mutumin jarin da zai juya in ba haka ba da me zai biya. Ya ce wanda ya fi wahalar shawo kai shi ne wanda yake zargin an yi wa wani alfarma a ɓoye.

Na koma kan takarduna na ga abin da ya faru da Zambiya kenan sak. Ƙasashen G20, wato rukunin masu ƙarfin tattalin arziki, sun kafa wani tsari na bai-ɗaya a 2020 don irin wannan zama, Chadi da Habasha da Zambiya suka shiga daga baya Ghana, amma sai Yunin 2023 aka cim ma matsaya da gwamnatocin da ke bin Zambiya kan dala biliyan 6.3, wanda kusan biliyan 4 na China ne. Da gwamnatin shugaban Zambiya Hakainde Hichilema ta daidaita da masu takardun lamuni sai waɗancan gwamnatocin suka ce ba su yarda ba a Nuwamban 2023, wai an fi sassauta wa 'yan kasuwa, aka sake komawa tebur sai Maris na 2024 aka gama. Sama da shekara uku ana jan zance, kuma a ƙarshe-ƙarshen lokacin nan kuɗin ƙasar kwaca na faɗuwa, garin masara na tsada, malamin makaranta a Lusaka ko Kitwe shi ke ɗauke da nauyin jinkirin. Wannan jinkirin ya kamata in yi magana a kai tun farko.

Washegari ban nemi yin jawabi ba ko sau ɗaya. A baranda na yini, ni da wakiliyar China da na Faransa da na Ghana da wata mai wakiltar Ajantina, muna kan wayar mutum ɗaya ana gyara jimla ana gogewa, ko abincin rana a tsaye muka ci. Muka cire a yafe muka sa a sake tsara biya, muka sa a dakatar da karɓar kuɗin ruwa daga ranar da ƙasa ta nemi zama har a gama, a sa wa'adi, kuma kowane mai bin bashi ya buɗe takardunsa. China ta ce in dai 'yan kasuwa ma za su yi asara daidai da kowa to ta sa hannu. Kalma ɗaya mun fi rabin awa a kanta, ko a ce ana kira ga ƙasashe ko a ce ana ƙarfafa musu gwiwa, ni da farko gani nake ɓata lokaci ne, sai na ga mutum uku sun dawo saboda ita kaɗai.

Inda abin ya yi min ciwo shi ne maganar IMF. Mun sa sakin layi cewa a sake raba ƙuri'u a asusun, domin a 2021 da aka fitar da kuɗin ajiya na musamman na dala biliyan 650 duk nahiyar Afirka abin da ta samu bai wuce wajen biliyan 33 ba, tunda gwargwadon kason ƙasa a asusun ake rabawa. Wakilin Amurka ya zo bai ɗaga murya ba ya ce ku tuna manyan shawarwari a IMF sai da kashi 85 na ƙuri'u, mu kuma muna da sama da kashi 16, in kun bar wannan layin ni da abokaina za mu ƙi. Muka yi lissafi muka ga ba za mu kai ba, na yarda aka mayar da shi a ci gaba da nazari. Wakilin Ghana, abokina ne tun ajin farko, ya kalle ni ya ce haba ɗan'uwa, jiya kai ne ka sa mu tsuma yau kuma kai ka sayar da mu, ya zare sunansa daga takardar. Har yanzu ina jin maganar nan, kuma ba zan ce bai da gaskiya ba, don layin da muka sassauta shi ne tushen matsalar. Ni dai abin da na duba a lokacin, ƙasar da nake wakilta tana buƙatar a daina cire mata kuɗin ruwa bana, gyaran IMF kuwa ba a san ranarsa ba.

Rana ta uku aka kaɗa ƙuri'a, aka ɗaga kwalaye shugaban zama na ƙirgawa ni ma ina ƙirgawa a zuci, ƙudurinmu ya wuce da tazara kaɗan, Amurka ta ƙaurace, Ghana ta ce a'a. Kafin a watse Malama ta gaya mana cewa ainihin Babban Taron Majalisar ya taɓa zartar da makamancinsa a Satumban 2015 bisa matsin Ajantina, ƙasashe 136 suka amince, 6 suka ƙi ciki har da Amurka da Birtaniya da Jamus da Japan, kuma ƙudurin Babban Taro ba ya tilasta wa kowa. Ɗakin ya yi tsit na ɗan lokaci.

Ni da wakilin Ghana Keke ɗaya muka hau zuwa gida, tun daga bakin get muke musu kan layin nan har ya sauka bai sauko daga ra'ayinsa ba, kuma mun riga mun rubuta sunayenmu a na baɗi, ni na roƙi Malama ta ba ni ɗaya daga cikin ƙasashen da ke bin bashin, shi kuma ya ce Zambiya yake so.