Abin da karatun harsashi ya koya mini game da ƙarfin firaima

A cikin sassa huɗu da ke haɗuwa su zama harsashi, wato kwanso da albarushi da ƙwaya da firaima, firaima, wadda ke kunna albarushi, ita ce mafi ƙanƙanta, kuma ita ce ɗalibi ya fi saurin tsallakewa. Mu 'yan Najeriya da Nijar da ke karatun binciken laifuka ta hanyar kimiyya a Riyad mun fara saninta ne a matsayin shaida, domin ɓurɓushin dalma da bariyom da antimoni da ake nema a hannun wanda ake zargi da harbi daga cikinta yake fitowa. Amma aikinta a cikin bindiga bai fito mini sarai ba sai da aka sa mu karanta littattafan masu sake cika kwanso a Amurka, inda doka ta yarda maharbi ya tattara kwansonsa ya sake ɗura masa albarushi. Waɗannan mutane suna auna komai suna rubutawa, shi ya sa ɗalibi yake ƙaruwa da su ko da ba zai taɓa yin sana'arsu ba.

Firaima ɗan ƙoƙo ne na ƙarfe da ke gindin kwanso. Idan allurar bindiga ta doke shi, sinadarin ciki yana matsewa ya kama, harshen wuta ya ratsa ta wata ƙaramar kafa ya isa ga albarushi. Iri biyu da ake amfani da su har yau, na Boxer ɗan Ingila da na Berdan ɗan Amurka, duk sun samo asali ne a wajajen 1866, kuma abin dariya shi ne Amurkawa sun rungumi na Baturen Ingila, yayin da sojojin Turai suka fi karkata ga na Ba'amurken. Masu sake cikawa sun fi son Boxer saboda kafarsa ɗaya ce a tsakiya, ana tura tsohuwar firaima waje cikin sauƙi.

Babban abin da na fahimta ya shafi yadda albarushin zamani yake ci. Tun da Paul Vieille ya samar da albarushi marar hayaƙi a Faransa a 1884, abin da ke faruwa a cikin kwanso ƙonewa ce mai sauri wadda take ci daga bayan kowace ƙwayar albarushi zuwa cikinta, kuma gwargwadon hauhawar matsi, gwargwadon ƙaruwar saurin ƙonewar. Ke nan firaima ba kunna wuta kaɗai take yi ba. Zafinta, da tsawon harshenta, da iskar da take turawa cikin kwanso, su ne ke tantance yawan ƙwayoyin da za su kama a lokaci guda, kuma wannan farkon ne yake shata yadda matsi zai hau. Duka al'amarin yana ƙarewa cikin kimanin kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na daƙiƙa, a ƙarƙashin matsin da a harsashin .308 Winchester aka ƙayyade iyakarsa a fam 62,000 kan kowane murabba'in inci.

Idan firaima ta yi rauni, albarushi yana kamawa rabi da rabi, kamar ɗanyen itace da aka tura wa ashana guda. Gudun ƙwayar harsashi sai ya riƙa bambanta daga harbi zuwa harbi, wani lokaci ma a ja kunama a ɗan jira kafin bindiga ta tashi, wanda hatsarinsa a bayyane yake. Wannan ya fi faruwa da babban kwanso mai cike da albarushi mai jinkirin ci, ko albarushi mai ƙwayoyi mulmulallu da aka lulluɓe da sinadarin rage saurin ƙonewa, ko kuma a tsananin sanyi. Saboda irin waɗannan ne aka ƙera firaimar da ake kira magnum, irin su Federal 215 da aka yi domin manyan harsasan kamfanin Weatherby.

Sai dai ƙarfin ma yana da nasa illar, kuma nan ne na ga mutane da yawa suna kuskuren tunani, har da wani abokin karatuna ɗan Zinder da ya daɗe yana musu cewa wuta ba ta yin yawa. A ƙaramin kwanso irin na .22 Hornet, firaima mai ƙarfi tana iya tunkuɗa ƙwaya gaba kafin albarushi ya kama sosai, sai sararin ƙonewa ya canza, gudu ya rikice. A kwanson da aka riga aka cika kusa da iyaka kuwa, tana iya ɗaga matsi ya haye abin da aka amince da shi. Ga mu da ke zaune a ƙasar da zafin bazara yake haura digiri 45, wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin harsashin da ya wuni cikin mota a rana yana ba da matsi fiye da wanda aka gwada a ɗaki mai sanyi.

Abin da ya fi burge ni a littattafan shi ne tsaurinsu a kan ƙa'ida ɗaya: duk wanda ya canza firaima, ko da girmanta bai canza ba, to ya ɗauka sabon harsashi yake haɗawa, ya rage albarushi ya koma mataki na farko, ya riƙa auna gudu da na'ura. A ganina dogaro da kallon kwanso kaɗai bai isa ba, domin firaimar da ta baje ko ta huje tana iya nuna matsi ya yi yawa, amma wadda ta fito lafiya ba ta tabbatar da cewa bai yi ba, tunda kaurin ƙoƙon ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Wannan ya shafi aikinmu kai tsaye. Yanzu idan aka ajiye mini kwanso a ƙarƙashin madubin ƙara girma, kafin in danganta wata alama ga bindiga nakan fara duba ko firaimar ta masana'anta ce ko an sake dasa ta, sannan in rubuta irinta a rahoto.