Haƙora biyar na shokazoba

Rumfata tana bakin titi a wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, ni da yara huɗu masu koyon aiki. Gyaran mashin muke yi gaba ɗaya, amma aikin shokazoba ne ya fi shiga raina tun ina yaron gareji. Boxer na kamfanin Bajaj ya fi shigo mana, sai TVS, Haojue, Jincheng da roba-roba na ma'aikata. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mutane da yawa suka jingine motoci suka koma mashin, kuma mashin ɗin da aka ƙera don mutum biyu ya koma ɗaukar maigida da uwargida da yara da cefane.

Wata Litinin wani dattijo ya zo da Boxer, yana ta faɗa tun kafin ya kashe shi. Ya dawo daga kasuwar Charanchi da buhun gero, wai mashin na ta jan shi gefe guda, kuma duk ramin da ya faɗa sai ya ji ƙwas a ƙarƙashin kujera. Ya riga ya yanke hukunci: sabuwar shokazoba yake so. Na durƙusa na duba. Shokazobar baya ta dama tana haƙori na biyar, wato hawan zoben da ke matse sifirinta, ta hagu tana na ɗaya. Na ce, "Baba, wa ya taɓa maku nan?" Ya ce ɗan shi ne, da guduma da sukudireba. Yaron ya bubbuga ɗaya har ta hau, ɗayar ta ƙi, ya gaji ya bar ta haka.

Ban sayar mashi da komai ba. Na mayar da su duka na huɗu, na ce ya zagaya ya dawo. Da ya dawo sai dariya.

Ga abin da ke wurin. A gindin sifirin ɗin shokazobar baya, a wasu kuma a samansa, akwai wani zobe mai hawa-hawa kamar matakala, galibi hawa biyar. Shi muke kira haƙora. Idan ka murɗa zoben zuwa hawa na gaba, ka ƙara matse sifirin tun kafin kowa ya hau. Mutane na cewa sun "ƙara mashi ƙarfi". Ƙarfin sifirin yana nan yadda kamfani ya yi shi. Abin da ya canza shi ne inda bayan mashin zai tsaya idan nauyi ya hau, wato saura nawa ya rage mashi na lotsawa kafin ƙarfe ya daki ƙarfe. Wanda ya gane wannan ba zai ƙara kai zoben ƙarshe yana yawo shi kaɗai ba, bayan shi na ciwo yana zagin gargadar hanya.

Ni ba na murɗawa sai na auna, kuma awon kowa zai iya a ƙofar gidansa da tef irin na tela da mutum ɗaya mai taimako. Ka kafe mashin a babban jak har tayar baya ta bar ƙasa. Ka auna daga notin tsakiyar tayar zuwa wani wuri a kariyar ɗora kaya da ke daidai samansa, ka sa alama da alli. Sauke mashin, ka hau da irin nauyin da ka saba ɗauka, idan ɗan acaba ne ya ɗora fasinja, sai mai taimakon ya sake aunawa daga wuri ɗaya. Ragin da ke tsakanin awo biyun ya kamata ya zama kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na iyakar tafiyar shokazobar. A irin ƙananan mashinanmu abin kan kama santimita 2 da rabi zuwa 3, kusan faɗin yatsu biyu. Ya wuce haka, ƙara haƙori ɗaya. Bai kai ba, rage ɗaya. Ɗaya-ɗaya, kuma dama da hagu su zama daidai, a ƙirga da ido.

Akwai sifana mai ƙugiya da aka yi don wannan zoben. Wasu mashinan da ita suke zuwa cikin kayan aiki, sai dai wa ke ajiye ta? A wanke ƙasar da ta daskare a zoben, a ɗiga mashi ɗan mai, a yi aikin mashin na kan jak. Guduma kuwa cinye haƙoran take.

Kafin duk wannan ma, a je wurin mai faci a sa geji. Rabin masu kukan shokazoba iska ce ta yi masu yawa, don wasu masu facin da babban yatsa suke awo. A irin su Boxer, gejin iskar taya ya nuna 25 a gaba, 28 a baya in kai kaɗai ne, 32 in da fasinja. Bayan an gama kuma a duba sarƙa da mutum zaune a kai, a duba fitila, don bayan da ya zauna ƙasa shi ke ɗaga hasken ya shiga idon masu tahowa.

Inda nake hana mutane sa hannu shi ne gaba. Shokazobar gaba a waɗannan mashinan ba ta da zoben murɗawa, mai ne a ciki da sifirin da sil, wato robar da ke hana man zuba. Ƙurar hunturu da yashin hanyoyin ƙauye su ke cinye sil ɗin, mai ya riƙa tsiyaya, wani lokaci har ya gangara kan birki. Na sha kwance wadda aka ɗura wa tsohon baƙin man inji, ƙafa ɗaya ta cika, ɗaya rabi. Wannan a kawo mana, don sai an auna man daidai a kowace ƙafa.

Haka ita ma ta baya idan ta mutu. Danna kujera da ƙarfi ka saki. Mai lafiya za ta taso sau ɗaya ta tsaya. Idan ta yi ta lilo, ko ka ga jikinta jiƙe da mai ƙura ta manne, man da ke riƙe ta ya tsere, babu haƙorin da zai tashe ta. A canza, kuma duka biyun tare.

Babban yarona ya taɓa yi mani ƙorafi. "Oga, in kuna koya masu, mu me za mu ci?" Na ce mashi kuɗin murɗa zobe nawa ne, ko shayi da biredi ba zai saya mana ba. Dattijon nan na Charanchi ya dawo bayan sati uku da 'yan garinsu biyu, ɗaya sil, ɗaya gyaran inji. Ya kuma zo da ɗan nashi mai guduma, ya ce in riƙe shi ya koyi aiki. Yanzu shi ne na biyar a rumfar, kuma har yau ban bar shi ya taɓa zobe ba sai tef na rataye a wuyansa.